Gashin karyata ya cukurkuɗe: a aske ƙwal ko a saisaye?

Maman_Lulu:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Ina da 'yar karya Shih Tzu, sunanta Lulu, watanta 10. Tun tana kwikwiya gashinta bai taɓa ba ni wahala ba, sau biyu ko uku a sati nake bi da buroshi, shi ke nan. Amma wajen wata guda ke nan abin ya sauya. Bayan kunnuwanta da hammata duk sun dunƙule, in ka taɓa kamar audugar da ta jiƙe ta bushe. Jiya na yi mata wanka da tunanin ruwa zai sassauta shi, sai ma ya ƙara ƙanƙamewa. Ga shi kuma in rana ta take sai ta yi ta haki. Maigidana ya ce a kai ta a aske ƙwal kowa ya huta, ni kuwa gashin nan ne ya sa na so ta tun farko. Don Allah masu ƙananan karnuka masu dogon gashi, wane aski kuke yi musu? Kuma da gaske ne askin ƙwal yana lalata gashi, ko faɗa ce kawai?

Baban_Simba:
Wa alaikumus salam. Hajiya ki bi maganar maigida. Gashi ne fa, ba kunne ba, zai sake fitowa. Nawa Lhasa Apso ne, duk wata uku nake sa a kwashe masa tas, shekara biyar ke nan, ko sau ɗaya bai ƙi tsirowa ba.

UmmuTiti:
Kai, a'a! Maman_Lulu kada ki kuskura. Ni ganau ce ba jiyau ba. Titi tawa Pomeranian ce, na sa aka aske ta saboda zafi, yau shekara biyu da wani abu gashin bayanta bai dawo yadda yake ba. Ƙafafu da kai sun fito, amma gadon baya da cinyoyi sai wani ɗan buzu-buzu a nan, fili a can, fatar ma ta yi duhu. Kullum na kalle ta sai na ji haushin kaina.

Baban_Simba:
To ni me ya sa nawa yake fitowa? Ko dai hannun mai askin ne?

Mai_Almakashi:
Salamu alaikum. Gyaran karnuka sana'ata ce, bari in sa baki, amma a yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Baban_Simba da UmmuTiti ku duka gaskiya kuka faɗa, karnukan ne ba iri ɗaya ba. Gashin Pomeranian yana da iyakar tsawo, in ya kai sai ya tsaya ya daɗe yana hutawa kafin ya zube wani ya maye gurbinsa. In aka aske shi a lokacin hutun nan, babu abin da zai tura sabo ya fito da wuri, sai na ƙasa mai laushi ya riga na sama fitowa, shi ne buzu-buzun da take gani. Ba kowane Pomeranian ke samun haka ba, amma ba wanda zai iya faɗa miki tun kafin a aske ko naki yana ciki. Shih Tzu da Lhasa Apso da Maltese da Yorkie kuwa gashinsu yana daɗewa yana girma, kusan kamar na mutum, shi ya sa in an bar shi yake kai wa ƙasa. Su ana yi musu aski a kai a kai kuma ya fito lafiya.

Sai ke Maman_Lulu. Abin da ya same ki ba sakaci ba ne, shekarunta ne. Tsakanin wata 8 zuwa shekara ɗaya da ɗoriya suke sauya gashin ƙuruciya zuwa na manya. Na ƙuruciyar da ya saki ba ya faɗuwa ƙasa, sai ya maƙale cikin sabon ya nannaɗe shi. Karen da sau biyu a sati ya ishe shi, a wannan lokaci kullum yake buƙata.

Wankan ne dai kuskure. Ruwa ba ya warware ƙulli, ƙara ɗaure shi yake, musamman in aka goge da tawul aka bari ya bushe da kansa. Ana tajewa kafin wanka, ba bayansa ba.

Kafin ki yanke shawara ki ɗauki mataji na ƙarfe ki gwada. Ki sa shi tun daga jikin fata. In yana shiga tsakanin fata da ƙullin, akwai sauran dama, ana iya warwarewa ko a yi saisaye mai ɗan tsawo. In ƙullin ya manne da fata har mataji ba ya samun hanya, to ba zaɓi kuma, sai kilifa ta bi ta ƙarƙashinsa.

Maman_Lulu:
Na gode ƙwarai Malam. Na gwada yanzu. Bayanta da gefuna mataji yana wucewa, da ɗan ja kaɗan. Amma bayan kunne na dama da hammata biyu ba ya shiga ko kusa. Ina ganin zan sa almakashi in yanke waɗannan ukun kawai.

Hajjo_77:
Don girman Allah ki ajiye almakashin nan. Haka na yi wa Maltese ɗina, ƙulli ne a bayan kunne, na ɗaga shi sama na datsa. Ashe in ka ɗaga ƙullin fata tana biyo shi kamar tanti. Ko kuka bai yi ba da farko, sai da na ga wuri ya buɗe ja. Ɗinki uku likita ya yi masa. Fatar wajen kunne da hammata sirara ce sosai, ba ki san inda gashi ya ƙare fata ta fara ba.

Mai_Almakashi:
Hajjo ta riga ni. In dole sai an yi a gida, a sa mataji tsakanin fata da ƙullin ya zama katanga, a yanka a samansa. Amma tunda kin ce mataji ba ya shiga, wannan ba aikin almakashi ba ne.

Yarima_K:
Mai_Almakashi ina da gyara. Ka haɗa Shih Tzu da Maltese da Yorkie wuri ɗaya, alhali Shih Tzu gashi hawa biyu gare shi, na sama da na ƙasa. Maltese da Yorkie su ne masu hawa ɗaya. To ta yaya dokar da ta hau kan Pomeranian ba za ta hau kansa ba?

Mai_Almakashi:
Gyaranka daidai ne, Shih Tzu da Lhasa hawa biyu ne, kuma na ƙasan ne ma ya sa suka fi Yorkie saurin cukurkuɗewa. Amma ba yawan hawa nake nufi ba, yadda gashin ke girma nake nufi. A aikina Shih Tzu na fi askewa fiye da kowane kare, ban taɓa ganin wanda gashinsa ya ƙi dawowa ba in lafiyarsa ƙalau. Abin da nake gani shi ne wani lokaci ya fito da ɗan lanƙwasa ko ya fi na da laushi, launin ma ya ɗan washe. Wanda ke son kai karensa gasar nuna kyau wannan zai dame shi. Na gida kuwa ba komai.

Yarima_K:
To na ji. Amma ni dai har yanzu ban yarda da ƙwal ba ko a kan wane kare.

Dr_Dabbobi:
Zan taɓa maganar hakin, don na ga an wuce ta. Kare ba ya gumi ta jiki kamar mu, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa. Shih Tzu da Pekingese gajeren hanci gare su, hanyar iskarsu matsattsiya ce, don haka ko an aske su tas za su fi sauran karnuka jin zafi. Rage gashi yana taimakawa, musamman wanda ya dunƙule, domin ƙulli yana hana iska kai wa fata kuma yana riƙe danshi. Amma kada a ɗauka aski ya gama magana. Inuwa, ruwan sha, da daina fita yawo da tsakar rana sun fi askin muhimmanci. Kuma fatar da aka tsiraita rana tana ƙona ta, balle fararen karnuka masu jar fata.

Abu na biyu, in an aske kunnen da ya daɗe a dunƙule, a sa ido kwana biyu. Kunnen ya saba da nauyi da matsi, da an cire sai kare ya yi ta kaɗa kai, har jini ya taru a cikin fatar kunnen ko bakinsa ya tsage. In kin ga kunne ya kumbura kamar an hura, a kawo shi asibiti, kada a matsa.

Kuma a ƙarƙashin ƙulli muke samun abubuwan da mai kare bai sani ba: ƙuma, kaska, gyambo mai ruwa. Sau da yawa akan zargi mai aski da jin ciwo, alhali ciwon yana nan tun da, buɗe shi kawai aka yi.

Baban_Simba:
Likita ya yi magana. Ni ma da na ce tas ba wai har fata ke sheƙi ba, ana barin ɗan kaɗan.

UmmuTiti:
Ai ka ga matsalar ke nan. Kowa da abin da yake nufi da "gajere". Ni ma ce wa mai askin na yi ya rage, ban ce ya kwashe ba.

Mai_Almakashi:
Wannan ita ce rigimar da muke sha kullum. Shi ya sa nake roƙon mutane su zo da hoto ko su faɗi tsawo da lamba. Bakin kilifa lambobi gare shi, kuma lamba tana hawa aski yana ƙara gajarta. Lamba 10 tana barin kamar milimita 1.5, ita ake sa wa ciki da ƙarƙashin wutsiya da wurin da ya dunƙule sosai. Lamba 7 kamar milimita 3, lamba 5 kamar milimita 6, lamba 4 ta kusa santimita ɗaya. In ana son fiye da haka sai a ɗora mata matajin da ake maƙalawa a baki, amma shi ba ya wucewa sai gashi a warware yake tsaf.

Askin da aka fi yi wa irin su Lulu kuwa, akwai wanda ake kira askin kwikwiyo, wato a daidaita jiki duka tsawo ɗaya, inci ɗaya zuwa biyu. Akwai askin tedi, jiki kamar na kwikwiyon amma a zagaye fuska da almakashi ta yi kamar ƙwallo, ƙafafu a bar su da kauri. Wasu suna son a rage jiki sosai a bar kunnuwa da wutsiya da tukku dogaye, kare ya huta amma bai rasa kamanninsa ba. Ni wannan nake ba Maman_Lulu shawara, in kunnen hagu lafiya yake. Na dama a aske bayansa kawai, gashin sama zai rufe wurin, ba mai lura.

Sunayen nan ba doka ba ce fa. Askin tedi na wani shago shi ne askin kwikwiyo na wani.

Zee_Zee:
Ba wanda ya ambaci askin zaki? 😂 A kwashe jiki a bar geza da tuntu a bakin wutsiya. An ce ma sunan Shih Tzu daga kalmar zaki ya fito a Sinanci. Na yi wa nawa sau ɗaya, yara suka yi ta dariya, shi kuwa ya shige ƙarƙashin kujera ya ƙi fitowa sai dare.

Hajjo_77:
Zee ba kunya ya ji ba, iska ce yake ji a fatarsa bai saba ba 😂 Nawa ma haka yake yi, ya yi ta zama yana juyowa yana duba bayansa.

Mai_Almakashi:
In ya wuce kwana ɗaya yana jan gindi a ƙasa ko yana lasar wuri ɗaya, a duba ko kilifa ce ta ƙona shi. Bakinta yana ɗaukar zafi cikin 'yan mintoci. Masu yi a gida su riƙa taɓa shi a bayan hannunsu lokaci-lokaci.

Anti_Yorkie:
Ni fa duk maganar askin nan tana sosa mini rai. In mutum gajeren gashi yake so, me ya kai shi ɗauko kare mai dogon gashi? Yorkie biyu gare ni, babbar gashinta har ƙasa yake ja, tsaga a tsakiyar baya tun daga wuya har wutsiya. Ba sihiri ba ne, minti 15 ne kullum. Ina kwantar da ita a gefe, in ɗaga gashin sama da hannu ɗaya, in riƙa sauko da shi layi-layi ina tajewa daga fata zuwa baki. In na gama da buroshi in bi da mataji na ƙarfe, shi ne alƙali. Kuma ban taɓa taje shi a bushe ba, sai na ɗan fesa ruwa da aka gauraya da man laushin gashi, in ba haka ba karyewa yake.

Yawancin mutane saman gashin kawai suke shafawa da buroshi. Sama ya yi sheƙi, ƙasa kuwa tabarma ake saƙawa. Maman_Lulu ki daure ki wuce wannan watannin na sauyin gashi, bayansu abin yana sauƙi.

Baban_Simba:
Anti, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ke kina da minti 15 kullum da karyar da za ta kwanta miki. Nawa in ya ga mataji sai mu zagaye gida sau uku. Kuma su Yorkie ɗin nan da kike gani, asalinsu ɓeraye suke kamawa a masaƙu da mahaƙan ma'adinan arewacin Ingila a ƙarni na 19. Ba na jin masu su na lokacin suna tsaga musu baya.

Anti_Yorkie:
Ai ba a ƙarni na 19 muke ba Malam. Kuma gudun mataji koyarwa ce. In tun yana ƙarami ana taɓa ƙafarsa da kunnensa da bakinsa, ana tajewa minti biyu a sake shi, ba zai gudu ba. Wanda sai ya dunƙule ake tuna shi, dole ya haɗa mataji da azaba.

Yarima_K:
Nan kam ina bayan Anti. Sai dai gashin Yorkie siliki ne hawa ɗaya, ba za a gwada wahalarsa da ta Shih Tzu mai sauya gashi ba. Minti 15 ɗinki a wurin Maman_Lulu zai iya zama 40.

Maman_Lulu:
Anti_Yorkie wallahi kin kama ni, saman nake shafawa. Buroshin ma irin mai laushin nan ne na jarirai. Wane iri ya kamata in nema?

Anti_Yorkie:
Wannan ai ado ne ba buroshi ba. Ki nemi mai dogayen tsinkayen ƙarfe a kan roba mai laushi, wanda babu ɗigo a bakin tsinken, don ɗigon yana fizgar gashi. Sai mai ƙananan wayoyi lanƙwasassu don ƙafafu da wurin da ya fara haɗewa, amma da sauƙin hannu, yana karce fata. Sai mataji na ƙarfe mai gefe biyu, manyan haƙora da ƙanana. In kin tarar da ƙaramin ƙulli, ki riƙe gindinsa da yatsu yadda ba zai ja fata ba, ki fara ɓarɓaro shi daga baki kina matsowa ciki.

Sadiya_M:
Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Maltese ɗina ƙarƙashin idonsa ya yi ja-ja kamar tsatsa, har gemunsa. Na wanke har na gaji. Aski zai kawar da shi?

Dr_Dabbobi:
Aski zai cire wanda ya rine, amma sabon ma zai rine in dalilin yana nan. Launin daga wani sinadari ne mai ɗauke da ƙarfe da ke cikin hawaye da yawu, shi ya sa ya yi kama da tsatsa, kuma haske yana ƙara masa duhu. Duk karnuka suna da shi, a kan fari ne yake nunawa. Tambayar ita ce me ya sa hawayen ke zuba waje. Wani gashi ne ke tsokane masa ido, wani magudanar hawayen ce ta toshe ko ta yi ƙanƙanta, wani fatar idon ce ta lanƙwasa ciki, kwikwiyo kuma lokacin fitar haƙori yakan ƙaru. A fara kai shi a duba idon. In ba a ga komai ba, sai goge wurin kullum da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, a tsane shi ya bushe, a taje kwantsar da ƙaramin mataji.

A yi hattara da garin da ake sayarwa a ce a zuba a abinci yana goge jan. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da ke yin wasu daga cikinsu saboda akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna tylosin a ciki, ba tare da an amince da shi don wannan aiki ba. Kuma kada a kusantar da wani abin bilicin kusa da ido.

Sadiya_M:
Na gode likita. To gashin da ke kusurwar idon, in yanke ko in bari?

Mai_Almakashi:
Ɗaya za ki zaɓa ki tsaya a kai. Ko a bar shi ya yi tsawo har nauyinsa ya kwantar da shi ƙasa, ko a riƙa rage shi duk sati biyu zuwa uku. Mafi muni shi ne a yanke sau ɗaya a manta, ya fito tsaye kamar tsinke yana sukar ido. Kuma almakashi mai dunƙulallen baki kawai.

Anti_Yorkie:
Shi ya sa tukku ya fi. A tattara na goshi a ɗaure sama, ido ya huta. Sai dai a kwance shi kullum a taje a sake ɗaurewa, kuma kada a ja har girarsa ta ɗage. Bayan an sa robar a zura mataji a ƙarƙashinta a tabbatar ba ta kama fata ba. Wajen cirewa a yanke robar, kada a zare ta.

Zee_Zee:
Nawa tukku ba ya minti biyar a kansa. Goga kai yake a kafet har sai ya tuge. Na haƙura na sa an yi masa gyaran fuska.

Abban_Coco:
Tambaya: shamfu na mutane fa? Ni na jarirai nake amfani da shi, ban ga wata illa ba.

Hajjo_77:
Sau ɗaya in ka rasa ba zai kashe shi ba, amma ba na kullum ba. Fatar kare ba ta kai tamu tsami ba, namu an haɗa shi don tamu ne. Ni abin da na fi lura da shi ma shi ne ɗauraya. In sauran kumfa ya kwana a jiki, washegari sai susa, susa kuma ita ke kawo ƙulli. Ina tsarma shamfun da ruwa kafin in zuba, kuma ba na cuɗa gashin a zagaye kamar wanki, matsawa nake daga sama zuwa ƙasa.

Abban_Coco:
Shekara uku fa ina yi.

Dr_Dabbobi:
Wasu suna jurewa, wasu fatarsu ta bushe ta yi amosani. Abin da zan hana kai tsaye shi ne zuba man itacen shayi, wato tea tree oil, da makamantansa masu ƙamshi a jikin kare, musamman ƙarami. Guba ne gare su in ba a tsarma ba, kuma za su lasa.

Yarima_K:
Mu koma kan Lulu. Akwai abin da ba a tambaya ba. Maman_Lulu, tana yini da abin wuya ko ɗamarar ƙirji? Ƙullin hammata yawanci daga nan ne.

Maman_Lulu:
Ikon Allah. Ɗamarar ƙirji ce, kuma sai dare nake cire mata. An ce mini abin wuya yana matse musu maƙogwaro.

Yarima_K:
Ba a yi miki ƙarya ba, ƙananan karnuka bututun iskarsu ba shi da ƙwari, ɗamarar ta fi wajen yawo. Amma in an dawo gida a cire, a bi hammata da ƙirji da mataji nan take. Minti ɗaya ne.

Mai_Almakashi:
Haka rigunan da ake sa musu. Kare mai dogon gashi ya yini cikin riga, ranar da aka tuɓe sai kuka. Sannan busarwa: bayan wanka a busar da handiraya a kan iska mai ɗumi kaɗan, ana tajewa ana busarwa har fata. In za ki kai ta shago ki tambaya ko suna sa karnuka a keji su kunna musu iska mai zafi. Mai gajeren hanci bai kamata a bar shi a irin wannan ba. Ki kuma ce a rage gashin tsakanin tafin ƙafa, yana tara datti yana sa santsi a kan tayil, a yanke farce a lokaci ɗaya.

UmmuTiti:
Ni dai har yanzu gabana faɗuwa yake in na ji kilifa. Da na san abin da Mai_Almakashi ya faɗa tun farko, da almakashi kawai zan ce a daidaita wa Titi. Hotunan wani Pomeranian da ya yi suna a Facebook, Boo, su suka ruɗe ni, na ga kansa kamar ƙwallo jiki a gajarce na ce ni ma haka nake so.

Dr_Dabbobi:
UmmuTiti, tunda ya kai shekara biyu kuma fata ta yi duhu, ki sa a gwada jininta. Akwai matsalar maƙoƙo da wasu cututtukan sinadaran jiki da ke hana gashi fitowa, kuma Pomeranian suna da wata zubar gashi tasu ta gado. Wani lokaci askin tona abin kawai ya yi.

UmmuTiti:
Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Zan kai ta in sha Allah.

Maman_Lulu:
Jama'a na dawo da labari. Mun je yau. Na tafi da hoto kamar yadda aka ce, na ce inci ɗaya a jiki, a bar kunne da wutsiya da tukku. Da mai askin ta fara sai ta kira ni ta nuna mini cikin cinyoyi da ƙarƙashin wuya, ashe can ma ya manne ban sani ba. Ta ce inci ɗaya ba zai yiwu ba sai dai a yi awa biyu ana jan ta, ita kuma ba za ta yi wa kwikwiya haka a zuwanta na farko ba. Lamba 5 aka sa a jiki, 10 a hammata da ciki. Kunnen dama an aske bayansa, wutsiya da tukku sun tsira. A hammata ɗaya fatar ta yi ja, an ce in sa ido. Maigida sai dariya yake wai ai ga maganarsa ta fito. Ita kuwa tun da muka dawo take tsalle-tsalle, ni ce dai na kasa sabawa da ganinta.

Baban_Simba:
Maigida 1, Anti_Yorkie 0 😂

Anti_Yorkie:
Ba a tashi wasa ba tukuna. Maman_Lulu yanzu ne lokacin koya mata mataji, tunda babu abin da zai ja ya yi mata zafi. Ki fara gobe, kada ki jira ya yi tsawo. Wata shida ki turo mana hoto.

Mai_Almakashi:
Mai askin ta yi daidai. Ki sa ranar komawa tun yanzu, sati 4 zuwa 6, ko da wanka da gyaran fuska ne kawai. In kina son ya taru, ki ce kada a taɓa jiki.

Yarima_K:
Lamba 5 ai ba ƙwal ba ce, don haka maigida bai ci ba. A gyara allo.

Sadiya_M:
Tunda ana nan, gashin cikin kunne fa? Mai askina tugewa yake, likitan da na gani kuma ya ce a daina in kunnen lafiya yake. Wa zan bi?